Abin da Na Binne a Iyakar Gona

Sunana Sabo, shekarata saba'in da huɗu. Tun da aka yi mini kaciya ban sake tuɓewa a gaban namiji ɗan'uwana ba, sai a shekarar da zan ba da labarinta. Ko a rafi sai na ratse. Mutanen ƙauyenmu, gabas da Bici, sun san ni da haka, sun kuma san in na ce a'a ba na sakewa.

Abin ya fara da ɗan ƙurji a kan gabana, bai kai ƙwayar dawa ba. Ba zafi. Na ƙyale shi. Kaka ta wuce, ƙurji bai wuce ba. Ya fashe, ya zama gyambo, ya fara ruwa. Sai na kira Dabo wanzami, wanda ubansa ne ya yi mini kaciya. Shi ma ban nuna masa ba, kwatance na yi masa.

Ya ce, "Baba Sabo, wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Jifa ne."

Na ce, "Magani na tambaye ka, ba labari ba."

Ya ba ni gari in barbaɗa, da saiwa in jiƙa. Wata takwas ina yi. Kaluluwa ta fito mini a matsematsi, hagu da dama, kamar ƙwan zabo. Sannan wari ya zo. Na bar sahun gaba a masallaci, na koma bakin ƙofa inda iska take. Na sayi turare, ni da ban san turare ba sai ranar Sallah.

Mairo matata ce ta kira ɗanmu Sama'ilu, wanda yake ɗinki a Kano. Ya shigo ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni. Bai daɗe ba ya miƙe.

"Baba, gobe za mu asibiti."

"Wa ya aiko ka?"

"Warin nan ne ya aiko ni."

Ban taɓa jin ya yi mini magana haka ba. Na ce zan je, amma a gaya wa mutane ido za a duba mini. Na sa shi da uwarsa suka rantse.

A tashar Bici muka haɗu da Shago. Gonarsa da tawa layin gamba ɗaya ne ya raba su, shekara hamsin. Iyayensa Maguzawa ne, shi kuma Kirista. Ba ma shiga gidan juna, amma ban taɓa fara shuka ban leƙa ko ya fara ba. Ran nan kasuwa na ci, tasha cike. Ya kama hannuna ya riƙe, ya ƙi saki.

"Sabo, hannunka ya yi sanyi. Ciwon ido ne ke sa hannu sanyi?"

"Sakar mini hannu, tsohon banza."

"Ka dawo kafin ruwa ya sauka. In ba haka ba in ci iyakarka, in shuka gyaɗa har ƙofar ɗakinka."

Mutanen garinmu da ke wurin suka yi dariya. Su ne daga baya suka tuna.

Likitan da muka samu a asibitin Kano bai kai Sama'ilu shekaru ba. Mata biyu na tsaye a bayansa lokacin da ya ce in kwance wando. Na kalli rufin ɗaki har suka gama. Suka gutsuri kaɗan suka kai gwaji. Bayan mako biyu ya ce ciwon daji ne. Ya ce ba kasafai ake ganinsa ga mai kaciya ba, amma ana gani. Ya ce da na zo tun yana ƙwayar dawa, da wurin kaɗai za a yanke. Yanzu sai an cire gaban duka, a cire kaluluwar, a buɗe wa fitsari hanya ta ƙasa. In na ƙi, ba ya jin zan ga kaka biyu.

Kwana uku ina auna maganar. A na huɗu suka kawo takarda, na dangwala yatsa. Shuɗin nan ya yi mako bai fita ba.

Da na farfaɗo bayan aikin, likitan ya zo yana yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa yaro mutuwar uwarsa. Ya ce daga yau fitsari sai a tsugune.

Na ce, "Yaro, tun ina ɗan shekara bakwai a tsugune nake yi."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na yi mako uku da robar fitsari. Ƙafata ta hagu ta kumbura, har yau ba ta koma daidai ba. Wari ya tafi. Amma tun ina gadon asibiti wani abu ya fara. Sai in ji ƙaiƙayi a kan abin da babu. In kai hannu in tarar da auduga. Likita ya ce ana yin haka, jijiyoyi ne ba su yarda an cire ba. Na ce to.

Na ce a ba ni abina. Malamai sun ce abin da aka yanke a jikin mutum binne shi ake yi. Suka ce sai an gama gwaji. Da na koma bayan wata guda suka miƙo mini wata roba mai murfi, cike da ruwan magani mai yaji a ido. Na sa a aljihun babbar riga. Tun daga Kano har gida ina jin nauyinta wuri biyu.

Maƙabartarmu tana bakin hanya. Duk wanda ya shiga da fartanya sai an tambaye shi wa ya rasu. Don haka na jira ruwan farko ya sauka. Da rana tsaka, lokacin da kowa ya bar gona, na tafi iyakata da Shago, gindin tsamiya. Na zubar da ruwan maganin. Na naɗe abin da farin ƙyalle. Na haƙa zuwa gwiwar hannu, na kwantar da shi yana fuskantar gabas.

Da na tura ƙasar farko, na ji ta sauka a kaina. A can ƙasa, inda babu komai. Nauyi, da danshi. Na tsaya da fartanya a hannu. Kurciyoyin da ke kan tsamiya suka yi shiru. Babu iska, amma gamba tana motsi daga wancan ɓangaren. Na ce, "Wane ne?" Ba amsa. Na ƙarasa turawa na tafi, ban waiwaya ba.

Bayan kwana huɗu na koma. Na tarar an jera ƙayar magarya a kan wurin, an danne da dutse, kamar yadda ake yi wa sabon kabari. Ba ni na sa ba. Na duba ƙasa, ruwa ya share sawu. Ban gaya wa kowa ba. In ƙayar ta bushe ta karye, sai in zo in ga ɗanya.

Tun daga nan, in ruwa ya sauka ina cikin ɗaki a bushe, sai in ji sanyin ƙasa a wurin. In rana ta buɗe in ji ɗumi. Wata rana na ji abu yana tafiya a kai, ƙafafu da yawa. Na je na tarar da layin tururuwa ya ratsa ta ƙarƙashin dutsen. Likita yana da bayaninsa. Ni abin da na ji na faɗa.

Likita ya hana ni noma a wannan daminar, ban ji ba. Na yi noman farko lafiya. A maimai ne, rana ta take, na ga dawa ta juya sama, ƙasa ta taso ta same ni.

Na farka a inuwa, jikina jiƙe da ruwa. Maza biyar a kaina, ba wanda yake kallon fuskata. An kira Dabo, shi kuma ya kwance mini mazagin wando don in sami numfashi. Wando ya zame. Wani ya yi saurin rufe ni da riga, amma sun gani.

Dabo ya dafe kai. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An shafe shi! Ban faɗa ba? Wata takwas ina cewa jifa ne!"

Kamaruddeen, shugaban 'yan sintirin garinmu, ya tsuguna. "Baba, yaushe abin ya faru? Wa ya taɓa ka?"

Na jawo rigar na ƙara rufe jikina.

Ga abin da na auna, ba zan ɓoye ba. Wanda aka yi wa sata jaje ake yi masa. Wanda ya dangwala yatsa da kansa, ya kwanta mata na kallo aka yanke shi, wannan dariya ake yi masa a bayan ido har ya mutu. Na zaɓi jaje. Ban yi ƙarya ba. Shiru na yi.

A shekarar labari ya yi yawa daga birni, wai mutum ya ba ka hannu gabanka ya ɓace. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Aka daina musabaha, kowa hannunsa a aljihu. Washegari aka tuna tashar Bici: wa ya riƙe hannun Baba Sabo ya ƙi saki, ranar da ya bar gari? Sai Kamaruddeen ya ce shi da idonsa ya ga Shago yana jan ƙaya zuwa gindin tsamiya, ya durƙusa a wurin. Ba sau ɗaya ba.

A bakinsa na fara sanin mai sa ƙayar.

Mutane suka yi ta zuwa. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Masu kawo kunu, masu kawo rubutu. Waɗanda suka daina zama kusa da ni saboda wari, yau gwiwarsu na gogar tawa. Na ji daɗin abin. Allah ya sani.

Mairo ta same ni a ɗaki rana ta biyu.

"Malam, ka yi magana."

"Ban ce kowa ya yi mini komai ba."

"Shirunka ya ce. Matar Shago ba ta iya zuwa rijiya. An jefi ɗakinsu."

"Za su gaji su bari."

"Ni na wanke maka ciwon nan da hannuna. Ka sa na rantse, ba zan karya ba. Amma in jinin mutumin nan ya zuba, ka nemi mai dafa maka tuwo."

Na ce ta fita. Shekara arba'in da tara ba ta taɓa tsayawa bayan na ce ta fita ba. Ran nan ta tsaya, ta kalle ni, sannan ta fita.

Rana ta uku da hantsi ina zaune a ɗaki, ƙafata a kan turmi saboda kumburi. Gari shiru, ko kaza ba ta kuka. Sai na ji karta. Ƙarfe yana kankarar ƙasa, a kaina, a can. Sau ɗaya, sau biyu. Nauyin da na saba da shi wata biyu ya fara raguwa. Sannan iska ta taɓa ni, iska mai sanyi, a kan abin da babu.

Na miƙe. Na ce, "Sun tono."

Mairo ta ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ɗauki katin asibiti a ƙarƙashin tabarma, na ɗauki sanda, na nufi gindin tsamiya. Tafiyar da nake yi kafin a gama alwala, ran nan kamar ana ja mini hanya. Dawa ta fi ni tsayi hagu da dama. Ba na ganin kowa, sai muryoyi, kamar daga cikin rijiya.

Sun tattake gyaɗar Shago, sun tattake dawata. Mutum ya fi sittin. Shago na zaune a ƙasa gindin tsamiya, jini ya rufe masa ido ɗaya, hannunsa na dama yana lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasa. An ajiye tsohuwar taya kusa da shi. Wani na riƙe da jarkar fetur.

Farin ƙyallen yana buɗe a kan bakin fartanya. Abin yana ciki. Ya yi tauri, ya koma launin toka, amma yana nan yadda na sa shi. Ko tsutsa ba ta taɓa shi ba.

Dabo yana nuna shi da tsinke daga nesa. "Jama'a ku duba! Wata nawa a ƙasa, cikin damina, bai ruɓe ba. Nama ne wannan? In ba asiri ba mene ne?"

Kamaruddeen ya ɗaga gora. "Mayar masa da abinsa, Shago. Yanzu, a gabanmu."

Shago ya tofar da jini. "Ni ƙaya na sa."

"Don me?"

"Na ga kare yana shinshina wurin. Abin da aka naɗe da farin ƙyalle ba a barinsa haka."

"To wa ya binne?"

Ya ɗago ido ɗayan da ya rage masa a buɗe. Ya gan ni. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sunkuyar da kai.

Shi ne motsin gamba ran nan. Ya ga komai. Wata biyu yana gaishe ni ta kan iyaka, yana zagin huɗata, bai taɓa nuna ya sani ba. Yanzu an karya masa hannu, ga taya, kuma bai faɗa ba.

Na ce, "Ni na binne."

Aka juyo. Na ce ciwon daji ne, a asibiti aka cire, ruwan maganinsu ne ya hana shi ruɓa. Na ɗaga katin.

Dabo ya girgiza kai. "Allah sarki. Kun gani? Har bakinsa an juya. Kwana uku bai iya magana ba, yau da aka kama mai abin sai ga shi yana kare shi."

Wani ya ce, "Ido aka ce ya je yi!"

Kamaruddeen ya ce, "Baba, koma gida ka huta. Takarda ko ni zan iya samo maka goma."

Na ji an murɗe murfin jarka. Warin fetur ya tashi.

Na ce matan da ke wurin su juya baya. Ba su gane ba, sai da na daka tsawa irin wadda suka san ni da ita. Na jingina sanda da tsamiya. Na tattare babbar riga na saɓa a kafaɗa. Na kai hannu kan mazagi. Na kwance, na saki.

"Dabo, kai wanzami ne, ɗan wanzami. Matso."

Bai matso ba.

"Matso, na ce! Ka iya kwance wandon mutum yana sume, ka kasa kallo yana tsaye?"

Ya matso, ya tsuguna. Na nuna masa dogon tabo na hagu, da na dama, inda aka ciro kaluluwa. Na nuna masa na tsakiya. Kowanne da sawun allura a gefe da gefe, a jere kamar shuka.

"Mene ne wannan?"

Ya ce a hankali, "Ɗinki ne."

"Ɗaga murya. Na baya ba su ji ba."

"Ɗinki ne."

"Ƙirga."

Ya fara ƙirgawa. Ya kai goma sha ɗaya muryarsa ta ɗauke.

Na ce, "Aljani yana ɗinki? Wanda ya shafe abu da hannu, zama yake ya zura zare? Ni na dangwala yatsa aka yanke. Wata takwas ina barbaɗa garinka yana cina. Wanda bai gani ba ya zo ya gani, ba zan sake buɗewa ba."

Ba wanda ya zo. Na tsaya a haka, iska tana taɓa ni wuri biyu, a jikina da kan bakin fartanya. Kurciya ɗaya ta yi kuka. Sai na ji dawa tana motsi. Ɗaya bayan ɗaya suke shigewa cikinta, ba sallama. Mai jarka ya ajiye ta ya tafi. Kamaruddeen ne kaɗai ya tsaya, shi ya goyi Shago zuwa bakin titi.

Da la'asar na naɗe abina da sabon ƙyalle. Na bi ta tsakiyar gari da fartanya a kafaɗa, na shiga maƙabarta. Ba wanda ya tambaye ni wa ya rasu. Liman ya biyo ni, ya tsaya har na binne, na jera ƙaya a kai. Na nuna masa wurin, na ce in lokaci ya yi a nan za a haƙa mini.

Hannun Shago ya ɗoru a karkace. Ba ya riƙe fartanya da shi, ba zai sake ba. Na je gidansa, karo na farko a shekara hamsin. Yana kwance a rumfa. Matarsa ba ta amsa sallamata ba, kuma ba ta yi laifi ba. Na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Kwana uku, Sabo."

"Na sani."

"Da ka ƙara rabin sa'a, da ka ci iyakata."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Abinka ne. Ni na binne?"

Duk wata uku ina komawa Kano. Su danna matsematsi, su ɗebi jini, su ce ba su ga ya dawo ba tukuna. Da yamma ina ɗora ƙafa a kan turmi. Na koma sahun gaba. Na san sunan da ake kirana da shi a bayan ido. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabana. Maza biyu sun zo mini a ɓoye da tambaya a kan ƙurji. Na ce su tafi asibiti tun yana ƙwayar dawa, kada su tsaya wurin Dabo.

Amma hannun Shago ba wanda ya sake kamawa. Sun san bai yi ba, duk da haka in ya doso sai hannuwa su shige aljihu. Shi ma ya daina miƙawa.

Ƙarshen damina na gan shi a kasuwar Bici, a layin masu gyaɗa, mutanen garinmu kewaye. Rana tana dukan kowa, sama fes. Na ratsa su na tsaya a gabansa, na miƙa hannu. Ya dube shi. Na daman ba ya ɗaguwa. Ya miƙo na hagu. Na kama da hannu biyu, na riƙe, na ƙi saki, sai da na tabbata kowa ya gani.

Ya ce, "Sakar mini hannu, tsohon banza." Sai ya ɗaure fuska. "Sabo, har yanzu hannunka da sanyi."

Na ce, "Ruwa ake yi a maƙabarta."

Ya kalli sama, ya kalle ni. Bai yi dariya ba.

Mota ɗaya muka shiga zuwa gida. Hanya a bushe tun daga Bici. Sai da muka zo daidai maƙabarta muka ga ruwa kwance a gefen titi, ƙayar da ke kan wurina tana ɗiga.